Hannun Hagun Nana

Sandamu, 6 ga Mayu

Zuwa ga ƙanena Dabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Laraba da yara. Yaya kasuwar dabbobi, yaya zafin Baure?

Saƙonka ya iso, cewa in 'yarka Nana ta sake faɗuwa jarrabawa in maido maka ita, boko ba rabonta ba ne. Ban musa ba, don shekara biyu tana gidana, tana ajina, rubutunta kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma ka ɗan dakata.

Wasu malamai daga jami'a sun zo makarantarmu, wai suna bincike kan yaran da ake bari a baya. Gaskiya raina bai so ba. Shekara talatin ina riƙe da alli, sai yanzu za a koya mini? Shugabarsu, Dakta Murjanatu, ba ta da surutu. Benci ta samu a bayan aji, kwana tara tana kallo kawai. Ranar Alhamis ta miƙo mini wani littafi, rubutu tsaf, lissafi duk daidai. Na tambaye ta na wane ne, ta nuna Nana. Ashe yarinyar nan a ƙarƙashin tebur take aikinta da hannun hagu. In na matso sai ta mai da fensir dama, don ta san rulata.

Dakta ta roƙe ni in ƙyale Nana ta yi rubutu da hagu wata guda mu gani. Na tambayi liman, ya ce cin abinci da dama ne, amma bai san inda aka hana rubutu da hagu ba. Na ajiye rular, ina gunaguni.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka,
Sada

Sandamu, 14 ga Yuni

Ƙanena Dabo,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya damina? Mu nan mun yi shuka, Alhamdu lillahi.

A jarrabawar da muka yi, Nana ta zo ta huɗu cikin yara sittin da biyu. In'inar da take yi in an tashe ta karatu ma ta ragu. Mutanen jami'a sun tara mu malamai a Daura, kwana uku suna nuna mana yadda ake zaunar da bahago a bakin benci, da yadda ake karkata masa takarda. A yankinmu kaɗai sun samu irinta goma sha bakwai. Ana ta tafi, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Ga abin da bakina ya kasa faɗa a waya. Lokacin da kake aji uku, ni sabon malami ina ji da kaina, ni ne na riƙa ɗaure maka hannun hagu da igiyar akuya a bayan kujera. Kana kuka, ina cewa gyara ka nake yi. Da rubutun ya ƙi, ni na je na ce wa Baba ba ka da kan boko, gara a tura ka kiwo. Baba ya yarda, tunda malami ya faɗa. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, kuma wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo. Kunya nake ji, Dabo.

Don Allah ka bar mini Nana ta ci gaba. Yafiya kuwa, in ka ga dama.

Na san ba da kanka za ka karanta wannan ba, kuma ni na jawo. Duk wanda yake karanta maka, ina roƙonsa ya ɗaga murya a nan, kowa ya ji: Dabo bai taɓa zama daƙiƙi ba. Malaminsa ne bai iya ba.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Sada