Katin Sautin da Ka Zaɓo

Khamis,

Na wuce aiki Abuja. Ban tashe ka ba don kada mu yi faɗa.

Katin sauti mai ramin makirfo biyu na aike ka ka sayo, ka kwaso mai ɗaya don kawai yana walƙiya. Jiya Tochukwu ya taso daga Zuma don mu ɗauki waƙar bikin ƙanwarka Sailuba, muka rasa inda za mu jona jitarsa. Muryata ma sai ƙugi kamar janareta. Ya tashi ya ce, "Oga, in kun shirya ku neme ni."

Ka mayar wa Linus mai shagon yau, ka karɓo wanda na ce. In bikin ya zo babu waƙa, kai za ka yi wa ƙanwarka bayani.

Mu'azu