Goggo, Ina Neman Sunanki na Yanka

Assalamu alaikum, Goggo. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a Fatakwal, ke da ɗanki Malam Bello da iyalinsa. Ki gafarce ni da na dame ki, na kuma ɗora wa jikoki aikin karanta miki wannan da ƙarfi, tunda kunne ya hana ki waya.

'Yata Maryam ta sauka lafiya, an samu mace. Mijinta ya bar mini zaɓin suna, ni kuwa ke nake so a yi wa takwara. Sai da na buɗe baki na tarar ban san sunanki na yanka ba. Duk Azare Goggon Shira ake ce miki. Na tambayi Malam Bello, ya ce bakinsa bai taɓa kama sunan mahaifiyarsa ba, ba kuwa da furfura zai fara ba.

Shekarar farin da gyaɗa ta mutu kika zo gidanmu haya, da goyo a baya. Mai ƙuli-ƙuli babu gyaɗa! Kika kama dakau har ƙasa ta farfaɗo.

Da ciwon amai da gudawa ya ɗauke Innata, ba dangin iya ba na baba, kika jawo tabarmata ɗakinki. Ba a sa ki makaranta ba, amma kullum sai kin raka ni ta allo, ki zauna bakin zaure kina ɓarar gyaɗa, kina cewa, "Ɗaga murya, 'yar nan, ni ma in samu na sallah."

Zamanin soja da ake layin kaya, bulala na tashi, kin yini a rana kan sabulu guda. Kika yanka shi da zare, kika aika wa Malama Rifkatu maƙwabciyarmu rabi.

Ko shekarun da shingayen bincike suka cika gari, kowa na tsoron kasuwa, ba ki fasa fita ba. Cewa kike, "Tsoro dai tsoro ne, amma miya na jiran mai."

Na gode, Goggona. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ba ki lafiya, Ya sa jaririyar ta ɗauko halinki.

Asabar ne suna. Na san ni ma ba zan iya kiran sunanki ba, liman kawai zan aika wa. Don Allah ki raɗa wa ɗaya cikin jikokin, ya rubuto mini da wuri.

'Yarki,
Hauwa