Tarazon Falonki, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mana, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Binta, autarki. Shekara uku ke nan da rasuwarki, kuma har yanzu ina gidanki na Nasarawa da yarana biyu, a ɗakin da kika ba ni lokacin da mahaifinsu ya rasu. Ba a raba gado ba, ba a ma yi maganarsa ba.

Ƙarar Yaya Sani na kawo miki, amma ni ma da nawa laifin a ciki.

Kin san ɗanki. Tun da ya gina nasa a Makera, sai sallah-sallah muke ganinsa. Rufin kicin ya yi damina biyu yana yoyo, na faɗa masa har bakina ya gaji, bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba. To makonni uku da suka wuce sai ga shi da rana tsaka, ba biki ba, ba rasuwa ba, ya tsaya a falo yana kallon ƙasa. Ya ce, "Binta, tarazon nan ya dushe. Zan turo a goge shi da inji, ya dawo sabo." Na ce Allah Ya saka da alheri, amma na yi zargi. Mutumin da yoyo bai dama ba, me ya haɗa shi da ƙyallin daɓe?

Kin tuna yadda kike da tarazon nan, daɓen falonki na siminti mai ƙananan duwatsu. Kowace Asabar ki sa mu ɗage kujeru, mu durƙusa da soso da ruwan ɗumi da sabulun salo. In kin gan ni da mofa ina gogewa a tsaye sai ki ce, "Ajiye sandar ragwayen nan ki durƙusa." In ya bushe ki kankare kyandir cikin kananzir, mu yi ta shafawa da tsohon zani har mai shigowa ya ga inuwarsa. Ba zan ɓoye miki ba, bayan rasuwarki sandar ragwayen na koma wa, kuma ya dushe ɗin da gaske.

Sai na ce bari in riga Yaya. In na dawo da ƙyallin da kaina, ba shi da dalilin turo mini baƙi. Maƙwabciyarmu, Maman Ifeoma, ta ba ni labarin wani ruwan asid da ake sayarwa a kasuwa, wai da shi ta wanke tayil ɗin banɗakinta ya yi fes. Ban tsaya tambaya ba ko tayil da tarazo ɗaya ne. Na sayo na kwarara a tsakiyar falo. Nan take ya fara kumfa, ni kuwa har murna nake, wai datti ne ke fita. Da na ɗauraye, sai na ga ya cinye fararen duwatsun nan na cikin daɓen, wurin ya yi ramuka, ya yi kaushi kamar dutsen niƙa. Na zauna a wurin na yi kuka. Abin da kika yi shekara talatin kina lallaɓawa, na lalata shi kafin la'asar.

Dole na kira Yaya da kaina. Ko faɗa bai yi ba. Wannan ma ya ƙara mini zargi, don Sanin da na sani, da sai duk layinmu sun ji.

Ya turo Oga Emeka, mai gyaran tarazo daga Sabon Tasha. Ya shafa wurin, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, asid da tarazo ba sa shiri. Sai an kankare saman duka." Kwana uku injinsa na kuka, farin taɓo har tsakar gida. Ya fara da dutse mai kaushi, ya cike ramukan da farin siminti, sannan ya bi da mai laushi. Gaskiya ya iya aikinsa. Falon ya fito da launin da ban san yana da shi ba, har da ɗigo-ɗigon kore. Da kin gani da kin yaba, ko da a zuci ne.

Amma ranar da ya gama, yana naɗe wayar injinsa, sai ya tambaye ni ko za a yi sauran ɗakunan "kafin mutanen su zo". Na ce waɗanne mutane? Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai aiki aka sa shi. Da yamma Yaya ya zo ya ɗauki hoton falon ta kowace kusurwa, ya auna bango zuwa bango da taku, ya ce kar a mayar da kujeru tukuna, wai sai daɓen ya sha iska. Na tambaye shi kai tsaye ko sayar da gidan za a yi. Ya yi dariya ya ce na fiye zargi, abokansa ne kawai za su biyo ranar Asabar su ga aikin Emeka.

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Ɗanki ne, ba na so in ɗauki alhakinsa, ga shi zargin nan ya riga ya sa ni ɓarna sau ɗaya. Amma ina jin tsoro, Mama. Ba ni da inda zan kai yaran nan, kuma ba kya nan balle ki kira shi ki zaunar da shi. Na yi kewarki a kwanakin nan fiye da ranar da aka fita da ke.

Yau da safe na mayar da kujerun. Ni kaɗai na ja su, har ɗaya ta ja layi a sabon ƙyallin, kuma ban ji haushi ba. Na aika wa ƙaninki, Kawu Garba, ya zo ranar Asabar da wuri. Duk wanda ya zo kallon daɓen nan, mu zai tarar zaune a kai, kuma a gabanmu za a faɗi abin da aka zo yi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ban zalunci ɗan'uwana da tunanina ba. In kuwa abin da nake tsoro ne, Allah Ya ba ni bakin magana ranar, don kin san ni da saurin kuka.

Taki har kullum,
autarki Binta