Ɗawisun Digambar a Bakin Ƙofa

Nashik, Litinin

Zuwa ga Maman Ketaki,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kin isa Nagpur lafiya. Yaya jikin Ketaki, yaya nauyi? Ki ce mata ta daina hawa bene har ta sauka lafiya.

Bikin Diwali ya ƙarato, duk matan layinmu sun fara zana rangoli da garin kala a ƙasa a bakin ƙofofinsu, ƙofarmu ce kaɗai fayau. Jiya maƙwabciyarmu Sulochana, wadda kuka shekara talatin kuna gasar zane, ta leƙo ta katanga ta ce, "Bawan Allah, tunda matar gidan ba ta nan, in zo in ɗan yi maka ko ƙarami ne? Kada arziki ya zo ya wuce ku." Na san idan hannunta ya taɓa ƙofar nan, sai kin wanke ta da ruwan zafi. Na ce mata na gode, ni zan yi. Ta yi dariya har da riƙe katanga.

Ki faɗa mini inda kika ɓoye garin kala.

Mijinki,
Digambar

Nashik, Alhamis

Maman Ketaki,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da surukanmu. Amsarki ba ta iso ba, don haka na shiga kicin. Fari na yi da garin shinkafa, rawaya da kurkum, shuɗi da bular wanki. Ja kuwa babu sai barkono.

Na durƙusa na jera ɗigo kamar yadda kike yi. A hannunki garin zuba yake kamar zare, a nawa kamar an kifar da mudu. Duk da haka ɗawisu ya fara fitowa. Ina cikin zuba jan sai atishawa ta zo, rabin tsuntsun ya koma kan takalman mai kawo madara. Na tashi in ba shi haƙuri, gwiwa ta ƙi. Shi da mai guga suka ɗaga ni kamar buhu.

Abin da ya rage Sulochana ta zo ta duba, ta ce, "Kai, wannan yalon ya yi kyau." Kafin azahar tururuwa sun kwashe shinkafar, sun bar mini barkonon.

Gidan shiru, ban saba ba. Amma ƙofarki ba za ta shiga biki tsirara ba.

Naki,
Digambar

Nashik, ranar Diwali

Maman Ketaki, yanzu kuma kakar yarinya,

Barka, barka. Da saƙon haihuwar ya zo na zauna a ƙasa na yi kuka, kuma wannan karon ba barkono ba ne. Yaya mai jego? Ki sumbaci jaririyar, ki duba mini ko ta tsira daga hancin gidanmu.

Garin kalarki na cikin gwangwanin da kika rubuta wa "gishiri". Yadda na gano ba sai na faɗa ba, miyar dai na zubar.

Da murna ta kama ni sai na ce jikata ba za a yi mata ƙaramin zane ba. Na fara tun daga bakin titi ina ja da baya, fure bayan fure, ɗawisu a tsakiya. Wannan karon har Sulochana ta yarda tsuntsu ne, iri kawai take musu. Ban ɗaga kai ba sai da na ji dugadugaina sun bugi dokin ƙofa. Ban bar hanya ba, ko ta ƙafar kyanwa.

Yanzu ina ciki. Sulochana ta ce in share gefe ɗaya in fito, na ce ko tsinke ba zai taɓa shi ba sai kin gani. Ita ta kunna mini fitilun waje, ta miƙo alewar laddu ta taga a bakin sandar shanya, tana cewa a layin nan ba a taɓa yin mutumin da ya ɗaure kansa da gari ba.

Idan kin iso, ki tsaya a titi ki kalla da kyau tukuna. Sannan ki zagayo ta baya, zan ajiye miki kujera ƙarƙashin tagar kicin.

Mijinki mai kewarki,
Digambar