Ƙarar Babur a Bakin Makaranta

Laraba, bayan isha'i.

Har yanzu zuciyata tafasa take. Na sa ƙanena Sani ya wuce bakin makaranta a guje yana danna hon ɗin babur, don ɗalibaina su ji yadda ƙara ke sirancewa in tana tahowa, ta yi kauri in ta wuce. Haka hasken tauraro ke yin ja in yana nisantar mu.

Kafin in fara bayani, rabin ajin sun haura katanga, sun ɗauka ɓarayin daji ne. Ɗalibata Hadiza ta karye a hannu.

Shugaban makaranta ya ce, "Malam, ka manta a Maradun kake?"

Gaskiyarsa, abin da ke ƙona ni ke nan. Ɓarayin nan sun kwashe mana shanu, yanzu ko ƙarar babur ba su bar mana ba.