Waƙar renon da kika ɓoye mini

Zuwa ga Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yau Alhamis, ƙafafuna sun sake kumbura, ko masallacin ƙofar gida ban iya kaiwa ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarki.

Ɗanmu Lawal ya aiko da kaset daga Legas ta hannun wani direba. Kiɗan nan nasu ne da suke kira jaz, shi ke busa ƙahon. Ya sa hotonki a jikin kaset ɗin, wanda kika ɗauka za ki Makka, ya rubuta cewa don tunawa da ke ya yi. A 'yar takardar da ya haɗo, ya ce yau zai iso Daura.

Kwana uku ban taɓa kaset ɗin ba. Kin san yadda gari ya koma tun da aka ƙaddamar da Shari'a, ga Liman katanga ɗaya da mu. Jiya na tura ƙofa, na rage murya, na kunna.

Kin tuna ranar da na kore shi saboda ƙahon nan. Na ce ɗan malamin makaranta ba zai zama maroƙi ba. Kina tankaɗe, ba ki ɗago ba. Ɗan fari ne, ba ki taɓa kiran sunansa ba, sai dai ki ce "yaron nan". Shekara ashirin ina ɗaukar shirunki yarda ce.

A waƙa ta uku ƙahon ya tsaya, sai ga muryarsa yana rera waƙar reno, da sunansa a ciki har sau huɗu. Lafazinki ne, Rabi, har inda kike jan numfashi. Duk zaman da muka yi ban taɓa jin ta ba. Ashe in na tafi makaranta kina kiran sunansa, har ya yi wayo ya haddace. Ashe ran nan kunya ce ta ɗaure miki baki, ni kuma ban tambaye ki ba.

Ke kam sai a can zan roƙi gafararki. Shi Lawal nake so in roƙa tun ina da sauran numfashi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa ki yafe mini.

Mijinki,
Malam Isiyaku

Bayan na rufe wasiƙar: na shimfiɗa tabarma a zaure tun azahar, na buɗe ƙofa, na ƙure muryar kaset ɗin, kowa ma ya ji. Furar da na sa aka dama masa ta yi tsami. An kira magariba, bai zo ba.