Kifayen Robar da Ka Aiko wa Baba

Briqueterie, Yaoundé
9 ga Nuwamba, 2015

Zuwa ga ƙanena Abdussamad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya sa sanyin ƙasar can bai takura muku ba. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Mariyama ta warware daga zazzaɓin da ta yi, ƙanwarmu Kulsum kuma ta samu rumfa a kasuwar Mokolo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar Baba, wadda na kasa faɗa maka a waya, don ni ne mai laifi a ciki.

Ka san tun da rikici ya taso shi daga Darak, can bakin tafki, ya bar jirginsa da komarsa, Baba ba shi da aiki sai zama a ƙofar shagon ɗinkina yana kallon masu wucewa. To ranar da saƙonka ya iso, ya ga kifayen nan na roba masu laushi da ake sa wa ƙugiya, sai da ya yi dariya, ya ce Turawa sun raina hankalin kifi. Amma washegari na tarar ya cika bahon wankin Mariyama da ruwa yana gwada su. Ya gano yadda ake cusa ƙugiya ta hanci a fito da ita ta ƙasa, a juya, a ɓoye tsininta a fatar baya don kada ta kama ciyawa. Ya samo dalma wajen masu gyaran batir, yana yanka ta siri-siri kamar ƙusa yana sokawa a jikin robar. Ya ce in ta yi kusa da kai, kifin sai ya nutse da ka kamar dutse, in kuwa tana tsakiyar ciki, sai ya sauka a kwance yana rangaji kamar mai ciwo, kuma wannan ne babban kifi ba ya iya ƙyalewa. Sati uku yana wannan aikin. Har abincinsa ya ƙaru.

Daga nan ya fara roƙona in kai shi kogin Sanaga. Na ce sai an gama ɗinkin Sallah. Aka gama, na ce sai ruwa ya ɗauke. Rannan ma, Allah ya yafe mini, na ce masa a gaban abokan aikina wasan yara ne wannan, kifi na nan jibge a kasuwa. Ran Talata da safe ya ɗauki jakarsa ya hau mota shi kaɗai ya nufi kogin.

A wani shingen jami'an tsaro a hanya aka sauke fasinja. Aka buɗe jakar, aka ga wayar ƙarfe da filaya da guntayen dalma. Katin shaidarsa ya ƙare, ga shi an rubuta daga bakin tafki yake, ga shi ba ya jin Faransanci. Ka san yadda ake kallon mutanenmu a kwanakin nan. Kwana biyu yana tsare kafin mu gano inda yake, ni da mai unguwa. Ba su taɓa shi ba, amma da na shiga na same shi a tsugune, hularsa a hannu, yana ta nuna wa wani saurayin jami'i da yatsu yadda kifi ke iyo. Abdussamad, wannan abin ba zai bar idona ba.

Tun da muka dawo ya daina zancen ruwa. Lahadin da ta wuce na rufe shago na matsa masa muka tafi tare. Da muka isa bakin kogi ya ƙi karɓar sandar kamun kifin, ya ce hannunsa ya mutu. Ni na jefa, yana daga zaune yana ce mini in fizga sau biyu in dakata, in bar robar ta sauka da kanta. Can wani abu ya ja, na yi gaggawa, zaren ya tsinke. Ya dube ni ya ce dama haka nake tun ina yaro, inda ake son haƙuri in yi sauri, inda ake son sauri in yi nawa. Na san ba kifin yake nufi ba.

Ya ce in gode maka, amma kada ka ƙara aiko da wasu. Ni dai ina roƙonka ka kira shi ran Juma'a, ka tambaye shi yadda ake saka dalmar nan kamar kana son koya. Wataƙila kai ya buɗe maka baki. Ni yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ka gaida matarka da yara. Mariyama da Kulsum suna gaishe ku, haka ma Kawu Tahiru na Etoudi. Ka sa ni a addu'a.

Naka yayanka,
Yuguda Haman